Amon Tangaran

Aikina sauraro ne.
Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da 'yar gudumar katako,
ina ƙwanƙwasa kwamin wanke hannu a leɓensa.
Lafiyayye yakan amsa da dogon amo, kamar ƙararrawar coci.
Mai ɓoyayyar tsaga sai ya ce tak, ya yi gum,
in shafa masa jan alli, a kai shi bayan katanga.

Kakana Ermete faranti yake gasawa a da,
a garin nan namu na kan dutse, arewa da Roma.
Bayan yaƙi mai masana'anta ya garƙame ƙofa, ya tafi da makulli.
Su goma sha ɗaya suka taru a ɗakin ajiyar inabin Nazzareno,
kowa ya zazzage aljihunsa a kan ganga.
Ottavio ya sayar da alfadarinsa.
Kakata Ilde ta zare zoben aurenta, ta ce,
"In ya dawo, ya dawo."
Bai dawo ba.

Aka yi ta musun abin da za a gasa.
Faranti? Kowa na da shi, abin zubawa ne babu.
Kakana ya ce, "Ana ta gina benaye a birni.
Attajiri da lebura, limamin coci da ɗan kwaminis,
akwai ɗaki guda da kowannensu ke shiga shi kaɗai."
Aka tuntsire da dariya, aka kuma yarda.

Gashin farko, kujerun masai arba'in.
Talatin da bakwai suka dare a tanderu.
Ɗaya wani likita ya saya,
ɗaya tashar jirgin ƙasa ta karɓa bashi,
ta ukun ta karkace, ba mai so,
tana nan a tsakar gidanmu har yau, ɗaɗɗoya na tsiro a cikinta.

Sannu a hankali yumɓu ya san hannunsu.
Manyan motoci suka fara sauka bakin teku.
Na tuna shekarun launi,
baho kore, baho ruwan hoda,
har da wani ruwan ƙasa da muke wa dariya yanzu,
amma shi ya biya mini kuɗin makaranta.

Ƙurar kuwa fara ce, ba ta da wari.
Takan kwanta a gira, a gashin baki, a kan burodin rana.
Cikin goma sha ɗayan nan, takwas tari ya ɗauke.
Mahaifina Settimio, da ke ciccibar baho shi kaɗai,
ya koma ƙirga matakalar gida,
yana hutawa a ta shida.
Wannan ba ya cikin littafin da aka buga ranar bikin cika hamsin.

Yanzu hannun ƙarfe ke fesa ƙyalli, ba ya tari.
Wani hunturu iskar gas ta yi tsada,
aka kashe tanderu mako tara,
garin ya yi sanyin da ban taɓa ji ba.
Baƙi suka zo da jakunkuna, suka saye mu,
suka sauya allon bakin ƙofa.
Sun ce na'ura mai ido na tafe, ta fi kunnena.
Wataƙila.
Ni dai ina koya wa Dorin, yaron da ya zo daga Romaniya.
Jiya ya kama tsagar da ta wuce ni,
na ji haushi, na sayo masa kofi.

Bara, a wani ƙaramin otal a ƙasar Girka,
na durƙusa na leƙa ƙarƙashin kwami, halina ne.
Ga ɗigo goma sha ɗaya, tambarinmu na da,
ga lambar mazubin mahaifina.
Ba guduma a hannuna.
Na lanƙwasa yatsa na ƙwanƙwasa.
Mijina yana kira daga waje, wai abinci zai huce.
Na ce ya dakata,
bai gama amsawa ba.